Libar da Aka Ɗaure da Roba

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk yammar da na zauna majalisarmu ta kusa da Gobarau sai wani ya matso: "Mamman, wai da gaske don guntun ƙarhe ɗaya ka ƙetare iyaka?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura kowa na ƙara masa nasa gishirin. Wasu sun ce kama ni aka yi a kan iyaka, wasu sun ce aure na je nema. To ga shi a rubuce yadda ya faru. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takardar nan in ci gaba da shan shayina.

Ni direban tarakta ne, shekarata goma sha tara a kan kujera. Motar ba tawa ba ce, ta wata ƙungiyar manoma ce mai gareji a Kambarawa, shugabanta Alhaji Sada. A daman kujerar akwai liba biyu masu sarrafa hannayen da ke ɗaga garma a baya. Ta farko kowa ya san aikinta: inda ka ajiye ta, nan garma za ta tsaya, ba ruwanta da abin da ta tarar a ƙasa. Ta biyun kuwa a ɗaure na gan ta ranar da na fara koyon tuƙi, da guntuwar baƙar roba, kuma haka take a duk taraktar da na taɓa hawa a ƙasar Katsina. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ya ce kada in kuskura in taɓa ta. Na tambayi dalili, ya ce shi ma haka ya tarar.

Daminar bara sau biyu hannun ɗaga garma yana karye mini. In na shiga fako sai mota ta kama gurnani, tayoyi na haƙa rami a wuri ɗaya, baƙin hayaƙi na turnuƙe ni. Na ce a raina, mutanen da suka ƙera motar nan ba don ado suka sa liba biyu ba. Na bi diddigin ƙarfen, na ga yana haɗe da wani ƙaton sifirin, naɗaɗɗen ƙarfe mai tsukewa yana sakewa, a bayan kujera, daidai inda sandar sama ta garma ke kamawa. Na gane shi ke jin nauyin ƙasa: in ta yi tauri ya ɗan ɗaga garma, in ta yi laushi ya sake ta.

Sai na kwance robar. Kuma da yake ƙaddara ta riga, a gonar Alhaji Sada na kwance ta, wadda ke hanyar Jibiya, rabi jigawa rabi fako. A cikin rairayi garma ta nutse har ta tono jar ƙasa, a kan fako ta riƙa tasowa tana tsalle. Alhaji yana da wata sanda mai tsaga da yake bin bayan tarakta da ita yana auna zurfin huɗa. Ya caka nan ta shige duka, ya caka can ko rabi ba ta shiga ba. A gaban 'yan ƙwadago ya zare makulli ya miƙa wa Lawal, ɗaya direban. Washegari Alhaji ya kira mai walda ya liƙe sifirin ɗin tamau, wai don kada wani mahaukaci ya sake gwadawa. Daga ranar sunana ya koma Mamman Rawa, saboda rawar da garma ta yi. Na ji ciwon makullin, amma sunan ya fi ci mini rai.

Rani ya wuce ina zaune, bazara ta shigo, hadari ya fara leƙowa. Na san in ruwan fari ya sauka makulli na hannun Lawal, to aikina na bana ya tafi, ƙila ma har abada. Matata Hauwa'u ta ce, "Malam, ka je ka ba Alhaji haƙuri mana, a maida roba, ka amshi abinka. Mi za ta rage ka da shi?" Na ce mata in na yi haka na yarda ni mahaukaci ne, ni kuwa ban yarda ba. Na zagaye masu tsofaffin kayan tarakta a Katsina, na je har Kano, duk sifirin da aka ɗauko mini sai in ga tabon walda a jikinsa. Wani bakanike a Kano ne ya ce in ina son wanda wuta ba ta taɓa ba, in nemi wani tsoho Malam Isuhu a Maraɗi.

Ranar Talata da hantsi na shiga motar Jibiya. Mu biyu aka cusa kujerar gaba, ni da wani dattijon Bafillace mai suna Malam Jaɓɓi, zai je barkar 'yarsa da ta haihu a wani ƙauye bayan iyaka. Ya ɗora mini ƙwaryar man shanu a cinya ba tare da ya tambaye ni ba, rana kuwa na dukan gilashi, man ya fara narkewa yana bin wandona. Bayan mun gaisa ya tambayi inda na nufa. Ban san abin da ya sa na zazzage masa labarin duka ba, ƙila don ya daɗe rabona da wanda zai saurare ni ba dariya.

Da na gama ya ce, "Ni da shanu nike huɗa. In garma ta ci tauri, hannuna ka ji kahin bijimi shi ji, sai in ɗan sassauta. In ta shiga rairayi sai in riƙe, kar ta nutse. Wanda duk ya danne garma ba shi sassautawa, wuyan sa zai kashe."

Na ce, "To shi ne fa aikin libar ga, Malam."

Ya ce, "To ku ɗaure hannun mai huɗa kuka yi kenan. Mutanen birni dai!"

Na yi dariya irin wadda ban yi ba tun bara. Ban lura ba a lokacin cewa abu biyu ya faɗa, sassautawa da riƙewa. Ni rabin farko kawai na ji, don shi ne ya yi mini daɗi.

A kan iyaka muka sauka muka taka da ƙafa. Wani jami'i ya karɓi katina ya tambayi abin da zai kai ni Maraɗi. Na ce sifirin. Ya ce na mota? Na ce na tarakta. Guda nawa? Na ce ɗaya. Ya dube ni, ya dubi wandona mai maiƙon man shanu, ya ce, "Duk Najeriya ba sifirin ɗaya?" Na ce akwai, amma duk mun kashe su da walda. Ya girgiza kai ya miƙo mini katin, ya ce in na dawo in nuna masa wannan abin mamaki. Muka rabu da Malam Jaɓɓi a nan, ya karɓi ƙwaryarsa, ya auna ta da ido, ya ce ya yafe mini abin da wandona ya sha.

Maraɗi ba baƙon wuri ba ne ga Bakatsine, hula ɗaya, magana kusan ɗaya. Amma ɗan kabu-kabun da na ce ya kai ni wurin Malam Isuhu mai ƙarafa, sai ya sauke ni wurin wani Isuhun mai ƙera amalanken jaki. Kafin in gano na gaskiyar rana ta take tsaka, na tarar da garejin a kulle. Ashe can in azahar ta gabato kowa rufe wurin aikinsa yake ya tafi gida ya kwanta, sai ta yi sanyi a dawo. Mu da muke kwance ƙarƙashin mota da tsakar rana muna ganin jarumta ce, na zauna gindin bedi, wato darbejiya, ina jin haushinsu, ina kuma jin ƙyashi. Na sayi burodinsu dogo mai kamar sandar makiyayi, na gatsa, ɓawonsa ya yanke mini dasashi.

Da la'asar sai ga tsoho a kan keke, siriri, da farin gemu da tabarau ɗaure da zare. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, gajiya, zafi, mutanen Katsina. Ya ce, "Ka zo gida. Mu ne Katsinawan asali, ku gadin ganuwa munka bar maku." Na ce to mun gode, ganuwar ma ta kusa ƙarewa. Ya buɗe garejin, na tsaya baki buɗe. Kowane ƙarfe na kan kanta da 'yar takarda a ɗaure, har ƙusa an ware ta girma-girma cikin gwangwanaye. Garejinmu na Kambarawa in kana neman sifana sai ka tona ƙasa.

Na ba shi labarina ina jiran ya ce an zalunce ni. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Mai gonar ga ya yi gaskiya."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Baba, ban baro Katsina don a sake kirana mahaukaci ba. In akwai sifirin a ba ni, in babu in kama hanya."

"Zauna. Wa ya ce maka mahaukaci? Shi ya yi gaskiya ka ɓata mashi gona, kai ka yi gaskiya ba a ɗaure liba. Da ka saki ta biyun, ina ka aje ta farkon?"

Na ce na tura ta ƙasa gaba ɗaya, tunda na ɗauka in ɗaya na aiki ɗaya hutawa take.

Ya yi dariya har da tari. "Shi kenan! Ka saki garma ba linzami. Gobe in Allah ya kai mu za ka gani da idonka."

Na ce zan nemi masauki, ya ce in na sake faɗin haka ba zai sayar mini da ko ƙusa ba. A zaurensa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, sai fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a cikinta. Mu muna shan fura ne bayan abinci, su ita ce abincin, sauran rakiya ne. Na ci na ƙoshi, amma maganar tsohon na nan tsaye a ƙirjina. Wata tara ina gaya wa kowa ba ni da laifi ko ƙwaya ɗaya.

Da safe muka tafi Jiratawa inda ake noman rani, don can ne ƙasa ke da danshi a wannan lokaci. Yana da wata tsohuwar tarakta da ta girmi tamu, libobinta biyu a sake, sai sheƙi suke don yawan taɓawa. Ya zaɓi fili mai rairayi da tauri kamar gonar Alhaji, ya ce in hau.

Layin farko ya ce in yi irin namu na gida, da libar farko kaɗai. Da tayoyin gaba suka hau tudu garma ta caki ƙasa, da suka faɗa kwari ta taso, a wurin tauri mota ta kama kukan da na saba ji. Layi na biyu ya ce in yi yadda na yi a gonar Alhaji. Garma ta yi rawarta sak irin ta bara, har na ji kunya ta rufe ni a gaban mutanen da ba su san ni ba. A na uku ya hau ya tsaya gefena. Ya sa na sauke libar farko har garma ta kai zurfin da nake so, ya ce, "Nan ne iyakarta, ko rairayi ya kira ta ba ta wuce nan." Sannan ya sa na jawo ta biyun a hankali har na ji garma ta fara motsi, ya ce in ɗan mayar kaɗan in bar ta. Muka ratsa rairayi ba ta nutse ba. Muka shiga tauri na ji ta ɗan numfasa ta koma, mota ko canja murya ba ta yi ba. A nan maganar Malam Jaɓɓi ta dawo mini, sassautawa da riƙewa.

Ya ce, "Abin da ba ya shiga ƙasa, kamar na watsa taki ko na heshi, libar farko ta ishe ka. Ƙasa iri ɗaya daga kai har gindi, ta biyun na iya riƙe ka. Gonakinmu kuwa, da naku, ba su da hali ɗaya, sai an haɗa."

Muna cikin haka sai ga wata sabuwar tarakta mai ɗaki da gilashi ta tsaya. Wadda ta sauko mace ce, da mayafi ɗaure a ƙugu. Ya ce ɗiyarsa ce Balki, ita ke tuƙa wa wata ƙungiya. A Katsina ban taɓa ganin haka ba, kuma na so in yi magana, amma na tuna ni ne wanda aka ƙwace wa makulli, na kama bakina. Ta ce in hau in gani. Babu liba ko ɗaya. 'Yan maɓallai ne ake murɗawa kamar na rediyo: ɗaya zurfi, ɗaya iyakar ɗagawa, ɗaya kuma shi ke haɗa aikin libobin nan biyu, ka murɗa hagu ko dama gwargwadon ƙasarka. Maimakon sifirin, wasu ƙusoshi ne masu waya a gindin hannayen suke jin nauyi. Har a kan murfin tayar baya akwai maɓalli, kana tsaye a ƙasa kana ɗaga hannaye kana saukewa lokacin ɗaura garma, ba sai ka yi ta hawa da sauka ba.

Na yi layi ɗaya da ita. Ba zan yi ƙarya ba, ta fi. Huɗar ta fito kamar an ja da zare.

Na ce, "Wannan ai ba ta da aibu."

Balki ta ce, "Malam, bara ɓera ya ci waya ɗaya ƙarƙashin kujera. Hannayen sunka tsaya cak, garma na sama. Sati uku muna jiran mai na'ura shi zo daga Yamai, ruwa na zuba. Da tsohuwar Baba munka ƙare aiki."

Tsohon ya ce, "Ita ma tana da kyau, in kuna da mai gyara kusa da kyanwa a gareji. Ku dai ku fara koyon liba biyu tukuna. In aka kai maku wagga, maɓallin za ku liƙe da cingam."

Na ji zafin maganar.

Ya ɗauko mini sifirin daga kanta, da takardarsa a ɗaure, ya nuna mini yadda ake ɗaure shi ba sako-sako ba, ba kuma a shaƙe ba. Na naɗe shi a tsumma na sa a jaka. A kan iyaka na tarar da jami'in nan, ya gane ni tun daga nesa, ya ce a kwance a gani. Ya juya shi a hannu, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, ya ce, "Allah shi sa shi yi maka abin da kake so." Na ce amin da ƙarfi.

Kwana huɗu da dawowata ruwan fari ya sauka. Da safe na tafi gidan Alhaji Sada na same shi a ƙofar gida. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, haƙuri na zo ba ka. Bara na ɓata maka gona, kuma da rashin sanina na ɓata ta."

Fuskarsa ta saki. "To madalla. Ai da ka hwaɗi haka tun bara da an wuce wurin. A maida roba, ka amshi makullinka."

"Ranka shi daɗe, gona na ba haƙuri, ban ba roba haƙuri ba. Ka ba ni layi huɗu a gonar nan dai. Ka zo da sandarka."

Ya dube ni kamar zai kore ni. Ina jin surutun da ake yi a gari kan tafiyata ne ya sa ya yarda, yana so a yi ta ta ƙare a gaban shaidu. Yini guda na yi ina yanke waldar da sa sabon sifirin, Lawal na tsaye kaina yana cewa in an fara rawa a kira shi ya kawo kalangu.

Washegari mutane sun fi ashirin a bakin gona. Na kwance robar na miƙa wa Alhaji a hannunsa. Na saita libar farko, na jawo ta biyun. Na yi layi huɗu, daga jigawa zuwa fako, daga fako zuwa jigawa. Ba hayaƙi, ba haƙa rami, ba jar ƙasa. Alhaji ya bi da sanda yana cakawa. A rairayi ta tsaya daidai tsaga. A fako ya caka, ya duƙa, ya ƙura ido.

"Yatsa biyu ya rage."

Na ce, "Haka ne, Alhaji. Yatsa biyun nan su ne hannun garma biyu da muka karya bara."

Ya dubi mutane, ya miƙo mini robar. "Aiki ya yi. Amma ɗaura ta ko sama-sama ne, don hankalin masu gona shi kwanta. Sun saba ganinta."

Na san abin da ake nema, a ce ba a taɓa yin kuskure ba. Ban karɓi robar ba, na kashe mota, na zare makulli na ajiye a kan kujera, na sauko. Na ce, "Wallahi ba da hannuna ba." Na kama hanyar titi da ƙafa, ina jin idanunsu a bayana, ina tunanin abin da zan gaya wa Hauwa'u. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba, amma ban waiwaya ba.

Na kusa kwalta sai na ji mashin a bayana. Lawal ne, a kan mashin ɗin Alhaji, da jarkar man tarakta a baya. Ya tsaya ya miƙo mini makulli, ba ya ko son haɗa ido da ni.

"Alhaji ya ce ka zo ka ida kahin ƙasa ta sha iska."

"Da roba ko ba roba?"

Ya nuna bayansa da haɓa. Na duba, ga ta nan an zagaye jarkar da ita sau biyu an ƙulle.

"Ya ce jarka ta hi buƙatarta."

Na hau bayansa na zauna a kan jarkar muka koma. Har yau Alhaji bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban tambaye shi ba. Masu kirana Mamman Rawa kuma su ci gaba, ina amsawa. Amma duk mai so in yi masa huɗa bana, ya leƙa daman kujerata tun kafin in shiga gonarsa, zai ga liba biyu a sake. In bai iya kallonsu haka, ya nemi wani direban.